Sharhi kan kamfanin da ya karɓi gyaran manhajar shagonmu a Kantin Kwari

Wannan sharhi ne a kan aikin wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja da ke da ofis a titin Gidan Zoo a nan Kano, wanda muka damƙa wa gyara da kula da manhajar da muke lissafin kaya da ciniki da ita a shagon baffana na atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai wuraren da zan soke su, kuma abin da ya fi amfani ga mai karatu shi ne ya san yadda ake auna irin wannan aiki, ko da wa zai yi hulɗa. Ni nake riƙe da littattafan kuɗin shagon, kuma na yi karatun kwamfuta gwargwadon da zan iya buɗe kod, wato rubutun umarnin da ke ƙarƙashin manhaja, in fahimci abin da marubucinsa yake nufi, ko da yake ba da shi nake neman abinci ba.

A ganina aikinsu ya ci kuɗinsa. Sai dai duk wanda ya leƙo shagon ya dubi fuskar kwamfutar zai yi mamakin wannan magana, domin kusan ba abin da ya canza a abin da ido yake gani. Abin da ya canza shi ne yawan wahala da kuɗin da ake kashewa a duk lokacin da kasuwa ta zo da sabon abu kuma ya zama dole manhajar ta bi ta.

Wani matashi ne ya rubuta mana tsohuwar manhajar shi kaɗai da harshen rubuta manhaja da ake kira PHP, kuma ta yi mana aiki na shekaru kafin neman abinci ya fitar da shi daga Kano. Ba na ɗora masa laifi, domin ya yi abin da aka biya shi ya yi: a buga rasit, a rage kaya daga sito, a rubuta bashi. Rauninta ya riƙa bayyana ne a duk ranar da wani abu da ta ɗauka tabbatacce ya motsa. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, sai ya zamana an rubuta adadin harajin da hannu a wurare barkatai cikin kod ɗin, aka gyara na rasit aka bar na rahoton ƙarshen wata, takardu biyu na shago ɗaya suna ba da lissafi biyu. A farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci bayan sauya fasalinsu, ciniki ya koma taransifa da na'urar POS, alhali manhajar ba ta san wata hanyar biya ba sai kuɗi hannu ko bashi. Yaran shago suka riƙa shigar da taransifa a matsayin kuɗi hannu, lissafin yamma ya daina dacewa da abin da ke cikin durowa. Abin da ya ƙarasa ta shi ne tsufan harshen kansa. Tallafin tsaro na PHP 5.6 ya ƙare a ƙarshen 2018, kuma tsofaffin umarnin da manhajar take magana da rumbun bayanai na MySQL da su an cire su gaba ɗaya tun daga PHP 7.0 da ya fito a Disamban 2015, saboda haka ranar da masu sabar da muke haya, wato babbar kwamfutar da manhajar take zaune a kanta, suka ɗaga nasu tsarin, manhajar ta ƙi buɗewa.

Duk sauran waɗanda muka tuntuɓa shawara ɗaya suka bayar, cewa a zubar da tsohuwar a rubuta sabuwa fil. Wannan kamfani ne kaɗai ya ƙi, kuma ƙin nasu ne ya fara jan hankalina gare su. Baffa ya tambayi shugabansu dalili, tunda kowa ya ce abin ya lalace. Ya amsa masa da cewa: "Alhaji, ranka ya daɗe, rubutun ba shi da kyau, amma a cikinsa akwai ƙa'idojin shagonka da babu wanda ya taɓa rubuta su a takarda. Idan muka zubar da shi, sai mun sake koyonsu ɗaya bayan ɗaya, kuma a kan kwastomominka za mu koya." Gaskiya ya faɗa. Yadda ake yi wa mai sayen dila ragi, da ko ana cire la'adar dillali kafin ragin ne ko bayansa, da yadda ake karɓar kayan da aka dawo da su bayan an riga an rubuta su bashi, duk suna binne a cikin wannan kod mai ƙura. Tarihin sana'ar ma yana goyon bayansa, domin kamfanin Netscape na Amurka ya taɓa yanke shawarar sake rubuta manhajarsa ta shiga intanet daga tushe, sai ga shi tsakanin fitowa ta 4 a 1997 da ta 6 a ƙarshen 2000 bai fitar da wata babbar sabuwa ba, abokan hamayya kuwa suka ci kasuwarsu.

Abin da suka fara yi shi ne saka kod ɗin gaba ɗaya a cikin Git, tsarin adana tarihin canje-canje da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, kuma suka buɗe ma'ajiyar da sunan shagonmu, mu ne masu ita, su kuma baƙi ne da muka ba izinin shiga. Kafin haka abin da muke da shi jakunkuna ne a kwamfuta masu sunaye irin su "sabo", "sabo na ƙarshe" da "kar a taɓa", babu mai iya rantsuwa a kan wacce ce take aiki. Yanzu kowane canji yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi, da ranar, da bayanin dalili a jimla ɗaya ko biyu, kuma na duba na ga bayanan suna da ma'ana, ba irin "gyara" da "ƙarin gyara" da malalata suke rubutawa ba. Ina ba duk ɗan kasuwar da zai ba da irin wannan kwangila shawarar ya fara da wannan sharaɗi tun kafin a yi maganar farashi, domin wanda bai mallaki kod ɗin manhajarsa ba yana hannun wanda ya rubuta ta ne har abada.

Bayan haka suka shafe tsawon lokaci ba su gyara komai ba, abin da ya kusa ƙure haƙurin Baffa. Sun ɗebi tsofaffin rasit na gaske daga fayil, masu ragi da masu la'ada da masu rabin biya, suka mayar da kowanne ya zama gwaji mai gudanar da kansa: a ba manhaja waɗannan kaya da wannan farashi, dole ta fitar da wannan jimla. Da gwaje-gwajen suka taru, sai ya zama duk wanda ya taɓa kod ɗin zai iya danna umarni ɗaya ya gani nan take ko ya ɓata wani lissafi da a da yake daidai. A nan ne suka tono wata ƙa'ida da ni kaina na ɗauka kowa ya sani, cewa ragowar yadin da ya rage a ƙarshen bandir ana sayar da shi ƙasa da farashi, kuma tsohon marubucin ya ɓoye wannan a cikin sashen buga rasit, inda babu wanda zai neme shi. Da an sake rubutu daga tushe, da wannan ƙa'ida ta ɓace ba tare da kowa ya lura ba sai kwastoma ya ɗaga murya.

Gyaran kansa ya bi wata tsohuwar ƙa'ida da masani David Parnas ya bayyana tun 1972, cewa a raba manhaja ta yadda kowane sashe zai rufe wata shawara guda da ake tsammanin za ta iya canzawa, sauran sassan kuma kada su san cikinta. Suka zauna da ni suka tambaye ni abubuwan da suke yawan motsi a kasuwarmu, na lissafa musu haraji, da hanyoyin biyan kuɗi, da ma'aunin kaya, da fasalin rasit. Kowanne ya samu sashensa. Adadin VAT yanzu wuri ɗaya yake zaune, tare da ranar da ya fara aiki, ta yadda rasit ɗin 2019 zai ci gaba da nuna kashi 5 ko da an sake buga shi yau. Cewa turmin atamfa yadi 6 ne, wuri ɗaya aka rubuta shi, maimakon a warwatsa adadin 6 a cikin lissafi inda mai karatu ba zai san ko yadi ake nufi ko watan Yuni ba. Dogayen guntayen kod da suke karɓar kuɗi su rage kaya su buga takarda duk a numfashi ɗaya an yanyanka su ƙanana, kowanne da aiki guda da suna mai faɗin aikin. Na ji daɗi da suka bar turmi da dila da la'ada da sunayensu a cikin kod ɗin, domin hakan ya sa idan ina yi musu bayani a waya, abu ɗaya muke nufi.

Wurin da suka fi burge ni shi ne batun adana kuɗi, kuma zan ɗan tsaya a kansa domin na tabbata shaguna da yawa a Kwari da Singa da Sabon Gari suna ɗauke da wannan cuta ba su sani ba. Kwamfuta tana riƙe adadi mai ɗigo ne ta hanyar kusantawa, shi ya sa idan aka haɗa 0.1 da 0.2 a yawancin harsunan rubuta manhaja, abin da take riƙe da shi 0.30000000000000004 ne, kuma idan aka tambaye ta ko ya yi daidai da 0.3 za ta ce a'a. Tsohuwar manhajarmu tana adana kuɗi a rumbun bayanai da nau'in da ake kira FLOAT, wanda ba ya iya riƙe kowane cikakken adadi daidai idan ya haura 16,777,216. A shekarun da aka rubuta ta, da wuya cinikin mutum ɗaya ya kai haka a shagonmu. Bayan da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, farashin dila ya yi sama, jimlar bashin manyan kwastomomi ta riƙa tsallake wannan iyaka, sai naira ɗaya ko biyu ta riƙa ɓacewa ko ta ƙaru ba dalili. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma a kasuwar da ake mu'amala da amana, takardar bashi da ta saɓa wa ta kwastoma ko da naira ɗaya ce tana jawo kallon da ba shi da daɗi, kuma yaron shago ne ake fara zargi. Maganin da suka yi shi ne wanda ƙwararru suka saba: a adana kowane kuɗi a matsayin cikakken adadin kwabo, naira ɗaya kwabo 100, sai lokacin nunawa kawai a saka ɗigo. Suka kuma rubuta ƙa'ida guda ta yadda za a cike ragowar kwabo idan an cire kashi, suka tambayi Baffa ɓangaren da yake so ragowar ta faɗa, ya ce a bar wa kwastoma.

Ƙananan gyare-gyare biyu sun cancanci ambato. Rumbun bayanan yana kan tsohon tsarin haruffa da bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, saboda haka duk sunan da ya fara da Ɗan yana komawa alamar tambaya ko wani tarkace, neman mai bashi ya zama aiki. Sun mayar da shi tsarin UTF-8, wanda ya san waɗannan haruffa, suka tsabtace sunayen da suka lalace. Kalmomin sirri kuma da MD5 aka kulle su, hanyar da masana suka daɗe da daina yarda da ita don wannan aiki, suka sauya ta da bcrypt, suka kuma tuna mana cewa tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya a Yunin 2023, lambobin waya da adireshin kwastomomi da muke ajiyewa nauyi ne a wuyanmu.

Farashinsu ya kusa ninka na waɗanda suka ce za su rubuta sabuwa, ga kuma kuɗin kulawa na wata-wata. Da Baffa ya yi ƙorafi, shugaban nasu ya kawo masa misalin da masanin manhaja Ward Cunningham ya fara amfani da shi a 1992, cewa kod ɗin da aka rubuta cikin gaggawa tamkar bashi ne, kuma duk gyaran da ya ɗauki lokaci fiye da kima saboda rikicewar rubutun, kuɗin ruwan wannan bashi ake biya. Baffa ya ce shi bai taɓa cin bashi da ruwa ba a rayuwarsa, kuma ba kwamfuta ce za ta fara sa shi ba, a biya uwar kuɗin a huta. Da haka aka sa hannu.

Hanya biyu na bi na gwada ko abin da suka yi alkawari ya tabbata. Ta farko ita ce buƙatar karɓar sefa, domin muna da kwastomomi daga Maraɗi da Damagaram da wasu daga Kamaru da Cadi waɗanda wani lokaci da ita suke biya, a da kuma sai mu canza a ka mu shigar da naira. Na bi tarihin canjin a Git bayan sun gama, na ga sashen biyan kuɗi da fasalin rasit kaɗai aka taɓa, sito da haraji da bashi ko layi ɗaya bai motsa ba, kuma sun bambanta sefar Afirka ta Yamma da ta Afirka ta Tsakiya a matsayin kuɗi biyu, abin da ban ma tuna na faɗa musu ba. Ta biyu ta fi tsanani. Na nemi wani ɗalibin kwamfuta da bai taɓa ganin manhajar ba, na ba shi kod ɗin da takardar bayanin da suka rubuta, na ce ya ɗora ta a tasa kwamfutar ya ƙara lambar wayar kwastoma a rasit ba tare da ya kira su ba. Ya yi, gwaje-gwajen suka wuce lafiya. Kamfanin da ya bar aikinsa a yanayin da wani zai iya karɓa daga hannunsa ya rage wa kansa hanyar riƙe kwastoma dole, kuma ban cika ganin masu yin haka da son ransu ba.

Aibinsu na farko shi ne son gini fiye da buƙata. A sashen sito sun shimfiɗa matakai a kan matakai domin ranar da za mu buɗe rassa a wasu garuruwa ko mu sauya nau'in rumbun bayanai, alhali babu wanda ya ce musu muna da wannan niyya. Sakamakon haka, abin da ya kamata a karanta a fayil ɗaya sai an bi ta fayiloli da dama kafin a kai ga inda ake rage kaya, kuma a nan ne ɗalibin da na ambata ya ce kansa ya ɗaure da ya leƙa. Kod ɗin da aka rubuta don buƙatar da ba ta zo ba shi ma sai an karanta shi, an gwada shi, an kula da shi, kuma mu muke biyan wannan lokaci. Da na yi musu magana sun amince sun rage wani ɓangare, amma sun bar sauran, suna cewa cire shi yanzu ya fi barinsa haɗari.

Na biyu shi ne rashin sanin bugun kasuwa. Ƙa'idarsu ce kowane canji sai mutum na biyu ya karanta shi kafin ya shiga, kuma ba sa sakin sabon abu gab da ranakun cunkoso. Na yarda da hikimar hakan, amma a makonnin ƙarshe na azumi, lokacin da Kwari take cika maƙil da masu sayen kayan Sallah, mun nemi ɗan ƙaramin gyara a girman rubutun rasit, suka ce sai bayan Sallah, ga shi gyaran bai shafi lissafi ko kaɗan ba. Ya kamata a ce suna rarrabe canjin da zai iya ɓata kuɗi da wanda iyakarsa fuskar takarda. Haka nan ofishinsu yana rufewa daga yammacin Juma'a zuwa Litinin, kasuwa kuwa ba ta san Asabar ba, kuma sun fi son a rubuto musu matsala a rubuce, abin da bai dace da yaron shagon da kwastomomi suka yi wa layi ba. Sun kuma ƙara wani mataki na tabbatarwa kafin a buga kowane rasit, wanda ya rage kuskure amma ya rage sauri, har yaran suka fara danna shi ba tare da karantawa ba.

Na uku, duk bayanan da suka rubuta da Turanci ne, kuma don masu rubuta manhaja aka yi su. Suna da kyau ƙwarai ga wanda zai gaje su, amma yaran da suke zaune gaban kwamfutar daga safe zuwa magariba ba su samu ko shafi ɗaya da Hausa da zai nuna musu yadda ake soke rasit ko karɓar rabin biya ba. Ni na zauna na rubuta musu da kaina.

A batun kwafin ajiya kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Manhajar tana kwafe bayanai kowane dare zuwa wani wuri dabam da sabar, kuma ba su tsaya ga faɗa ba, sun ɗauko kwamfuta wadda babu komai a cikinta suka dawo da bayanan jiya a gabanmu, Baffa ya nemi sunan wani mai bashi ya ga adadin daidai da na littafinsa. Sun kuma sa shagon yana iya ci gaba da buga rasit idan intanet ta yanke, bayanan su haura idan ta dawo.

Ga mai shago ɗaya da kanta ɗaya wanda cinikinsa bai wuce abin da littafi da biro ko Excel za su riƙe ba, wannan kamfani ya yi masa tsada, kuma tsarinsu zai yi masa nauyi. Wanda zai amfana da su shi ne mai sito da yara da yawa da kwastomomin bashi, musamman wanda ya riga yana da tsohuwar manhaja da kowa yake tsoron taɓawa. Mun sabunta yarjejeniyar kulawa da su, amma da sharuɗɗa biyu da muka sa aka rubuta: su ba da lambar waya da za a ɗauka ranar Asabar da Lahadi a lokacin azumi da gabanin Babbar Sallah, kuma duk sabon abin da suka ƙara su haɗo shi da bayanin shafi ɗaya da Hausa domin yaran shago. Sun karɓi na biyun nan take, na farkon kuma sai da aka ƙara musu wani abu a kan kuɗin wata.